"Na ƙoshi", ƙaryar da na shekara biyu ina yi a babban birni

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina so in rubuta labarin nan amma kunya take hana ni, don a ganina wa zai zauna ya karanta labarin ƙato guda da maganar abinci ta kusa kai shi ƙasa. Abin da yasa na daure yanzu shine wani ƙanina, ɗan kawuna, da ya samu aiki kwanan nan a birnin da nake, ya kira ni a waya yace Yaya don Allah a ina mutum zai dinga cin abinci a garin nan albashinsa bai ƙare a tsakiyar wata ba? Na buɗe baki zan bashi amsa sai naji wani abu ya tokare min wuya, nace masa bari zan kira ka. Ban iya kiransa ba sai washegari.

Ni dai har na kai shekara 24 ban san abinci yana da farashi ba. Ba wai masu kuɗi bane mu, talakawa ne sosai, amma tukunyar mahaifiyarmu bata taɓa kwana a kife ba, yadda take yi kuwa ita da Allah ne suka sani. Karatuna duka daga gida nake zuwa in dawo. Abinci a wurina kamar iska ne, ka dawo ka tarar an rufe maka naka a kwano, ka ci ka ture kwanon ko sannu da aiki baka ce ba, wani lokacin ma har da ƙorafin gishiri yayi yawa. Allah ya yafe mana. Ban iya dafa ko ruwan shayi ba, kuma ban taɓa tambayar nawa aka kashe ba.

A 2018 na samu aiki a wani babban birni, irin wanda idan ka fito da asuba zaka tarar mutane sun riga ka fitowa, kowa yana sauri kamar an biyo shi. Ɗaki ɗaya muka kama mu uku, kuma sharaɗin farko da mai gidan ya kafa mana tun kafin ya karɓi kuɗinmu shine babu girki, risho ne gas ne hita ce duk bai yarda ya gani ba, wai an taɓa yin gobara a gidan. Lokacin ma dariya abin ya bani, a raina nace to da ma wa ya iya girkin. Daga ɗakin zuwa ofis tafiyar kusan awa biyu ce idan hanya ta cushe, kullum kuwa a cushe take, in fita da duhu in dawo da duhu. Kenan sau uku a rana cikina yana hannun wasu, kuma kowane hannu sai na biya.

Ranar da na fara aiki, da rana tayi, abokan aikina suka ce sabon zuwa taso muje mu ci abinci. Naji daɗi wallahi, naga an ɗauke ni mutum. Muka shiga wani wuri mai gilashi tun daga sama har ƙasa, ga sanyin esi ga ƙamshi, masu kawo abincin ma sun fi ni kyan shiga. Aka miƙo min takardar da aka jera abinci, ni kuwa idona bai tsaya kan sunayen ba, gefen farashi ya tafi kai tsaye, gabana ya faɗi. Na laluba na zaɓi wanda yafi kowanne sauƙi, nace ruwa kawai zan sha, ashe shi ma ruwan na kuɗi ne. Da aka gama aka kawo lissafi sai ɗaya daga cikinsu yace kai a raba daidai kawai kar mu ɓata lokaci. Haka na biya kuɗin naman da ban ci ba da lemon da ban sha ba, sannan a ƙasan takardar ga haraji ga wani abu wai shi kuɗin hidima, wanda duk babu su a farashin da na gani da farko. Abin da ya fita daga aljihuna a wannan zaman guda ya kai abin da na ware wa kwana uku. Nayi murmushi nace ai ba komai.

Washegari ma na bi su, jibi ma haka. Kuma don Allah kar wani ya ɗauka mugaye ne, ba mugaye bane ko kaɗan, yawancinsu a gidan iyayensu suke, basa biyan haya, basa tura wa kowa komai a ƙarshen wata, wasu ma albashin nasu kuɗin man mota ne kawai. Ni kuwa ina da haya, ina da kuɗin mota, ina da Umma da ƙanne huɗu da suke jiran wata ya ƙare. Amma na kasa buɗe baki in ce wurin nan yafi ƙarfina. Gani nake idan na faɗa shikenan an gane daga inda na fito.

To kun san lissafi baya jin kunyar kowa. Wajen 17 ko 18 ga wata sai in duba in ga saura kuɗin mota kawai. Daga nan ne na koyi kalmar da ta zame min jiki, wato na ƙoshi. A ce taso muje, in ce na ƙoshi, na ci abu mai nauyi da safe. Wata rana in ce aiki ya min yawa. Akwai ranakun da nace azumi nake, kuma wannan ita ce ƙaryar da har yau idan na tuna nake istigfari, don ko niyya ban ɗauka ba, da ma na ɗauka ai da na samu lada. Idan sun fita sai in sulale in sayi biskit da lemon kwalba in je matattakalar baya inda ba kowa, in ci da sauri ina waige-waige. Sukarin ya ɗan ɗaga ni na awa ɗaya, daga nan sai jiri da ciwon kai, ni kuma sai in watsa maganin ciwon jiki, irin su ibuprofen da diclofenac ɗin nan, a kan cikin da babu komai. Kusan kullum. Ya zama kamar shi ne abincin rana na biyu.

Idan kuma albashi ya shigo sai in rama. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Nan na faɗa harkar oda ta manhajar waya, da farko sun ja ni da rangwame, naga kamar kyauta ake rabawa, kafin in farga rangwamen ya ƙare amma hannuna ya saba. Sai daga baya na gane abinci ɗaya zaka ganshi da farashi biyu, na cikin shago daban na manhaja daban, saboda su ma masu manhajar suna yankar kasonsu daga mai abincin shi kuma ya ɗora maka, ga kuɗin kawowa a kai. Kana kwance a katifa kana danna waya baka jin zafin fitar kuɗin sai ranar da ka duba abin da ya rage.

Abin da yafi ci min rai a duk wannan lokacin shine wayar Umma. Duk daren duniya sai ta kira, kuma tambayarta ta farko bata canzawa, ɗan nan ka ci abinci? In ce na ci Umma, na ƙoshi. Tace to Alhamdulillah, ka dai dinga ci, naji muryarka ta yi ƙasa. In ce gajiya ce. In kashe wayar in juya ga bango don kar abokan ɗakina su ga fuskata.

Da dare kuma a ƙarshen wata akwai wani wuri kusa da tashar da nake sauka, idan dare yayi sosai suna karya farashin abin da ya rage tun na rana. Na ɗauka na gano sirrin birni. Shinkafa ce mai yawa, ta huce tun tuni, a ɗan watsa ta a wuta a zuba maka, ƙudaje sun gama nasu da rana sun tafi. Wani dare na ci, ko awa uku ba a yi ba na tashi da amai kamar zan fitar da hanjina, abokin ɗakina ne ya haɗa min ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya zauna yana bani har gari ya waye. Kun san me nayi bayan kwana biyu? Na koma wurin. Don shi ne daidai aljihuna.

Wajen ƙarshen 2019 zazzaɓi ya kama ni, irin wanda kullum yake ƙara hawa, ga ciwon kai ga kasala ga ciki kamar ana hura wuta a ciki. Na ƙara yawan maganin ciwon jiki na ci gaba da zuwa aiki don ina tsoron a yanke min albashi. Na fi mako ɗaya a haka. Ranar da abin ya ƙare, a matattakalar nan tawa ta baya ne, na miƙe kenan naga duhu, ban sake sanin inda nake ba sai a gadon asibiti da robar ƙarin ruwa a hannuna.

Likitar mace ce, ba zata wuce sa'ar yayata ba, amma ta titsiye ni kamar uwa. Tace Malam faɗa min gaskiya me kake ci, tun daga safe har dare. Na fara kame-kame, tace ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai na faɗa mata komai, biskit ɗin, lemon, maganin, shinkafar tasha, har bayan gida da na lura ya koma baƙi na yi shiru da bakina. Gwaji ya nuna taifot, sannan ga gyambon ciki da ya fara zubar da jini. Nace Likita ai na sani yunwa ce ta jawo min olsa. Tace a'a, wannan maganar kowa yana faɗinta amma ba haka take ba, yawancin gyambon ciki abu biyu ne ke kawo shi, wata ƙwayar cuta da ake kira H. pylori, ko kuma irin magungunan ciwon jikin da nake sha kamar gyaɗa, ni kuma na haɗa duka biyun. Yunwar tana sa ka ji zafin sosai ne. Har take bani labarin wasu likitoci biyu 'yan Ostireliya da suka gano ƙwayar a farkon shekarun 1980, aka yi ta musu da su, sai a 2005 aka basu kyautar Nobel. Taifot kuma tace kar in ɗora wa abincin jiya ko shekaranjiya, ƙwayar tana iya yin mako ɗaya zuwa uku a jiki kafin ta nuna kanta, daga gurɓataccen ruwa ko abinci take, ba zan taɓa sanin a wane kwano na ɗauko ta ba. Amman da nayi a daren nan kuwa tace alamar shinkafar da ta daɗe a ajiye ce, akwai ƙwayar da take sakin dafi a cikinta idan ta huce ta zauna, kuma ɗumamawa baya kashe dafin.

Kwana shida nayi a kwance. Da aka kawo lissafin asibiti da na magani, har da na mako biyu da zan sha na kashe ƙwayar cikin, na ɗauki biro na haɗa, sai naga duk abin da na tara ta hanyar ƙin cin abinci a shekara biyu bai kai rabinsa ba. Bashi na ci na biya. Ina kwance ina duba waya naci karo da ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, wai mutum miliyan 600 ne suke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, kusan mutum ɗaya cikin goma a duniya kenan, kuma 420,000 suke mutuwa. Na daɗe ina kallon lambar nan ta biyu.

Abokan aikina sun zo dubiya, sun kawo kayan marmari, na gode musu. Amma wanda zuwansa ya canza min rayuwa shine dattijon da yake gadi a ofishinmu, wanda ashe shi ne ya tsince ni a matattakala. Muna ce masa Baba, ban taɓa tsayawa mun yi hirar minti biyar ba sai dai ina kwana Baba, sai gobe Baba. Ya zauna a bakin gadon yayi shiru, can yace ɗana, na daɗe ina ganinka kana shiga bayan nan da biskit kana waige-waige kamar wanda ya yi sata, nayi shiru ne don kar in kunyata ka, yanzu kuma ina ganin shirun nan nawa laifi ne, ka yafe min. Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Mutumin da albashinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na nawa ba, yana riƙe da iyali, shi ne yake neman yafiyata. Yace idan ka warke ka dawo, ranar farko kar ka bi kowa, ni zaka bi.

Haka aka yi. Ƙarfe 12 da rabi ya bar wa abokin aikinsa ƙofa yace muje. Muka bar babban titi muka shiga layi na farko, muka wuce, muka shiga na biyu, tafiyar da bata fi minti bakwai ba, wurin da na shekara biyu ina aiki kusa da shi ban taɓa sanin akwai shi ba. A hanya yake ce min, ɗana duk abincin da ka ci a bakin babban titi rabinsa haya ka ci, kai kake biya musu gilashin da esin da fitilun, abincin kuma ciki ɗaya zai shiga. Muka iso wata rumfa mai benci huɗu, layi har waje. Na nufi layin yace tsaya tukuna, ba ci na kawo ka ba, kallo na kawo ka, cin daga baya ne.

Yace dubi su waye a layin. Na duba, direbobi ne, leburori da ƙurar siminti a jikinsu, ma'aikatan jinya biyu da kayan aikinsu, wata mata da yaranta. Yace waɗannan kullum nan suke zuwa, mutumin da yake aiki da ƙarfinsa ba zai koma inda bai ƙoshi ba, uwa kuma ba zata mayar da ɗanta inda ya yi gudawa ba, sun gama maka bincike kyauta. Yace dubi tukunya. Tururi yana tashi, kuma muna tsaye ta ƙare aka sauke wata. Yace inda abinci yake ƙarewa a nan ake ci, inda yake jiran mutane kuwa ka wuce ko da kyauta ne. Sannan ya nuna min hannun matar, ita zuba abinci kawai take, wata yarinya ce daban take karɓar kuɗi, ya nuna min inda ake wanke kwanuka yace kullum ka leƙa nan kafin ka leƙa tukunya, idan ruwan wankin ya koma kamar miya to ka san sauran. Daga baya da na karanta shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya kan tsabtar abinci sai naga kusan maganar Baba ce aka sa wa lambobi, abinci mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, dafaffe kuma kar ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai, a raba ɗanye da dafaffe. Shi bai taɓa karanta su ba, shekarun birni ne suka koya masa.

Ranar na ci abinci mai zafi har gumi ya keto min, da wake da ganye da ɗan kifi, na biya abin da bai kai kuɗin lemo da ruwan wancan wurin mai gilashi ba, kuma har dare ban nemi komai ba. Baba ya gabatar da ni ga matar yace Inna ga ɗana, daga asibiti ya fito, ban da yaji. Tace sannu ɗan nan, Allah ya ƙara sauƙi. Tun daga ranar bata taɓa mantawa ba, ko layi ya kai ina idan ta hango ni zata ce wa yarinyar na marar yaji ne.

Da muka saba, wata rana da mutane suka ragu nake tambayarta ya akai nata yake da sauƙi haka, ko dai kayan ne ba masu kyau ba. Tayi dariya har da tafa hannu tace ɗan nan, mai yi wa wancan gidan gilashin cefane a kasuwa ɗaya muke haɗuwa da asuba, wani lokacin a buhu ɗaya ake auna mana. Tace ita ribarta a yawan mutane take, abu uku ko huɗu kawai take dafawa kuma ta san kafin la'asar sun ƙare, bata zubar da komai. Su kuwa masu jera abinci kala hamsin dole su ajiye kayan kala hamsin, wanda ya lalace kuma a kan wanda ya zo ci ake fanshewa. Ita ce ma ta fara ce min in daina sayen lemo a wurin cin abinci, har a wurinta, tace a nan ake yanka ku baku sani ba, abin sha yafi abinci riba. Ka ga mai sayarwa tana hana ka sayen kayanta.

Sai na sayi ɗan littafi na fara rubuta duk abin da ya shiga bakina da kuɗinsa, wata guda cur. Abin da na gani ya bani mamaki, don ni a zatona manyan faranti ne suke cinye ni, ashe ƙananan nan ne, lemo, biskit, ruwan roba, shayi a nan, ɗan abin taɓawa a can, idan aka haɗa su a wata sun kusa kamo kuɗin abincin kirki, kuma babu wanda ya taɓa ƙosar da ni a cikinsu. Na sayi gorar ruwa ina cikawa da tafasasshen ruwa a ofis. Na mayar da babban cina na rana, lokacin da aka sauke tukunya, don na lura ko a manyan wuraren ma da yawa abincin rana yafi na dare sauƙi. Da safe burodi da ƙwai, da dare ayaba ko wani ɗan abu marar nauyi. Na daina tambayar wanne yafi arha na koma tambayar awa nawa zai riƙe ni, don abin da zaka ci ka sake jin yunwa bayan awa ɗaya sau biyu zaka biya shi. Na kuma koyi tambaya, akwai rabin faranti? Idan na zo da kwanona fa? Da rashin tayi akan bar araha, abubuwa da yawa akwai su ba a dai rubuta su a bango bane. Sannan na tsaya a wuri biyu zuwa uku ban cika yawo ba, don wanda aka sani ana ƙara masa cokali, kuma idan wata yayi nisa ana iya ce masa kawo gobe.

Saura abu ɗaya da yafi duk waɗannan wuya, wato bakina. Ranar da abokan aikina suka sake cewa taso muje, naji na ƙoshi ta taho har kan harshena, na haɗiye ta nace gaskiya wurin nan yafi ƙarfina, ni a layin baya nake ci yanzu. Aka yi tsit. Ɗaya yayi dariya yace au ka koma cin abincin leburori kenan. Ba zan ɓoye muku ba maganar ta soke ni, na kwana da ita. Amma bayan kamar mako guda ina tafiya layin baya naji ana kirana, na juya sai naga wanda yafi kowa iya sa kaya a ofishinmu, mai agogo mai tsada, yace mutumina jira ni. Muna zaune a benci yake faɗa min bashin manhajojin lamuni ya kai masa wuya, kuma yawancinsa a abinci ya tafi, shi ma tsoron kar a raina shi ne yasa yake bin abokan aikin namu. Ashe a teburin nan mai gilashi ba ni kaɗai nake murmushin dole ba. Kafin wata uku mun zama mu huɗu a benci. Shi mai maganar leburorin bai taɓa zuwa ba, kuma har yau muna gaisawa lafiya lau.

Ban daina shiga manyan wurare gaba ɗaya ba fa, kar in yi muku ƙarya, ina son abu mai daɗi kamar kowa. Sau ɗaya a wata idan albashi ya shigo nakan je, amma da idona a buɗe, tun kafin in yi oda nake tambaya ko haraji da kuɗin hidima suna cikin farashin, kuma tun kafin a zauna nake cewa kowa zai biya nasa. Na gano idan ka faɗa da farko ba wanda yake jin haushi, sai ka bari an cinye ne maganar take nauyi.

Da korona ta zo a 2020 aka kulle gari, rumfar Inna ta rufe, mu masu ɗakin da ba a girki muka ga tashin hankali, makonni muka yi a kan burodi da abin gwangwani. Wannan ne yasa da aka buɗe na nemi ɗakin da za a barni in kunna wuta ko da ya fi nisa, na koyi dafa abu uku zuwa huɗu, Umma tana koya min ta waya tana dariya. A nan ne ma na faɗa mata gaskiyar abin da ya kwantar da ni, don da ce mata nayi zazzaɓi ne kawai. Tayi shiru mai tsawo sannan tace da ma na sani, uwa bata rasa gane muryar yunwa, jira nake ka faɗa. Masu cewa girki a gida kullum yafi sauƙi suna da gaskiya idan akwai iyali ko firij, amma ga mutum ɗaya da yake fita da duhu ya dawo da duhu, na gwada, wani lokacin rabin cefanen lalacewa yake, don haka har yau abincin rana a waje nake ci, na dare ne nake dafawa.

Inna ta dawo bayan wasu watanni, a wata kusurwar daban. A 2022 da kaya suka yi tashin gwauron zabi bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya taɓa alkama da man girki, wurare da yawa sun bar farashi yadda yake sun rage cokali a ɓoye, ita kuwa ta tsaya a gaban layi tace jama'a zan ƙara kuɗi amma ba zan rage muku abinci ba, wanda bai iya ba ya faɗa min a kunne. Baba ya bar aiki ya koma wurin iyalinsa, muna waya lokaci lokaci, kuma shi ma tambayarsa ta farko irin ta Umma ce. Cikina ya warke Alhamdulillah, sai dai maganin ciwon jiki ko a hannun wani na ganshi sai gabana ya faɗi.

Shi kuma ƙanin nawa da na kira shi washegari ban yi masa dogon bayani ba, nace ranar Litinin ƙarfe 12 da rabi ka same ni a bakin ofishinmu, ka taho da gorar ruwanka. Yace to Yaya, wane irin wuri ne, akwai esi? Nace akwai benci.